Wa Ya Aiko Ka? Tarihin Fatoma da Lamuni, Daga Zangon Salaga Zuwa Wayar Salula

Akwai tambaya guda da duk baƙon da zai sauka zango a zamanin kakanninmu yake shirya amsarta tun kafin ya baro gida. Ba a fara tambayarsa abin da ya ɗauko, ko nawa ne a jakarsa. Sai an ba shi ruwa ya sha, an gaisa, sannan mai gida ya dube shi ya ce, "Wa ya aiko ka wurina?" Amsar da ya bayar ita ke yanke masa inda zai kwana, da wanda zai sayi kayansa, da ko za a ba shi bashi ko kuwa sai ya biya hannu da hannu.

Na ga ya kamata mu tuno da wannan tambaya, mu malamai da iyaye na Matankari da sauran ƙasar Arewa, saboda ƴaƴanmu sun koma neman hanya ta cikin waya. Yaro ya gama kwalej ko lise, ko ya fito jami'a da takardarsa a hannu, abin da zai fara yi shi ne ya bi lambobin da ke cikin salularsa. Wani abokinsa ya tura masa lambar wani a Yamai, na Yamai ya haɗa shi da wani a Kwatano ko Abijan, kafin mako ya zagayo yana magana da mutumin da bai taɓa gani ba a kan aiki ko karatu ko jari. Masu ba matasa shawara a yau suna cewa haka ake tara jama'a a sana'a: ka nemi wanda ya san ka ya gabatar da kai ga wanda ya sani. Shawarar tana da kyau, amma tsohuwa ce. Hausawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci a kan wannan ƙa'ida, kuma sun koye ta da asarar dukiya da rayuka. Abin da na fahimta daga tarihinsu shi ne, a wurinsu gabatarwa lamuni ce. Wanda ya aike ka ya jinginar da sunansa ne, in ka ci amana shi zai biya. Waya ta kawo mana sauƙin haɗa mutum da mutum, amma ta baro lamunin a baya, kuma ta nan ne ƴaƴanmu ke faɗawa rami.

Ƙasar da ba a ratsawa sai da ɗan gari

Matankari tana cikin Dallol Mawri, kuma nan ce tsohuwar fadar Sarkin Arewa kafin Faransawa su mai da Dogondutsi cibiyar mulki. A ƙarni na 19 ƙasarmu tana zaune ne tsakanin masu ƙarfi. Ta gabas akwai daular Sakkwato da Gwandu, ta kudu akwai Kabi. Tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya yi wa Gwandu tawaye ya kafa kansa a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka haɗa kai da Kabawa, aka yi ta gwabzawa kusan shekara 50, har zuwan Turawa.

Duk da wannan yaƙi kaya ba su daina tafiya ba. Gishirin Dallol Foga yana fita, kanwa da shanu da tufafin Kano suna gangarawa kudu, goro yana hauhowa daga Gwanja. Manyan hanyoyin goro sun bi ta kudu da mu, ta kasuwar Jega, su haye kogin Kwara a wurare irin su Ilo da Gaya, su shiga ƙasar Bargu. Mutumin da zai ratsa garuruwan da ke gaba da juna ba makami ke fitar da shi ba. Abin da ke fitar da shi shi ne a kowane gari akwai wanda zai fito ya ce, "Wannan baƙona ne." Da ɗan gari akan ci gari.

Har baƙin nesa sai da suka bi wannan doka. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya so ya tashi daga ƙasar Sakkwato zuwa Tambutu. Bai kama hanya ba sai da ya karɓi takarda daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya isa Gwandu ya sake neman wata daga Sarki Halilu, sannan ya ratsa ta Dallol Foga ya isa Sayi a watan Yuni. A Tambutu kuwa, da Shehu Ahmad al-Bakkay bai ɗauke shi a matsayin baƙonsa ba, da wuya ya fito da rai. Mutum ne da gwamnatin Ingila ta aiko, yana da bindigogi da kyaututtukan ba sarakuna, amma abin da ya buɗe masa ƙofofi shi ne sunan mutumin da masu ƙofar suke jin nauyinsa.

Madugu a hanya, fatoma a masauki

Fatake ba sa tafiya ɗai-ɗai. Suna haɗuwa su yi ayari, su naɗa madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin da zai riƙe lissafi ya rubuta wasiƙu. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanen cikinsa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu. Zuwa da dawowa tsakanin Kano da Salaga yakan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara guda.

Me ya sa ake zaɓen wani ya zama madugu a bar wani? Sanin hanya yana ciki, amma jagaba ma ya san hanya. Jarin madugu shi ne mutane. Ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa da abin da yake so, ya san mai fito a bakin kogi, ya san wanda za a yi ciniki da shi a kan kuɗin ratse a Nikki ko Jugu ko Yandi. Yawancin wannan sanayya gadonta ya yi daga ubansa ko ubangidansa, wanda ya riƙe hannunsa tun yana yaro ya kai shi gaban waɗannan mutane ya ce, "Ga ɗana." Shi ya sa fataucin goro ya daɗe a hannun wasu zuriyoyi sanannu, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari.

In ayari ya isa Salaga, sai aiki ya koma hannun fatoma, wato mai masauki. Fatoma yana ba falke ɗakin kwana da abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya gaya masa farashin ranar, ya haɗa shi da dillalin da zai sayar masa, a cire la'ada. Babban aikinsa dai shi ne tsayawa. In aka sayi kayan baƙonsa bashi, shi ke tsaya wa mai saye. In baƙon ne ya ɗauki kaya bashi, shi ke tsaya masa. Mutum biyu da ba su san juna ba, ba sa jin harshen juna, sai su yi cinikin dukiya mai yawa domin dukansu sun san mutum na uku, kuma sun san gidansa ba ya tashi.

Wasiƙa ma tana da muhimmanci a wannan harka, har ta zama fannin da ake koyo. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, asalin gidansu Kabawa ne, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Mu da ke koyar da rubutun wasiƙa a aji ya kamata mu san cewa malaman fatake sun riga mu, kuma sun ɗauki abin da gaske, domin takardar da aka tsara da kyau takan zama guzurin mutum.

A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga. Gidaje sun ƙone, kasuwa ta watse. Amma fatoman da malaman da dillalan suka kwashi jama'arsu suka koma Kete-Karachi da wasu garuruwa, ciniki ya bi su can. Gini ya rushe, sanayya ta tsira.

Abin da aka gani a Sabon Badun

In muna son ganin yadda lamunin yake aiki dalla-dalla, sai mu duba unguwar Sabo ta birnin Badun a ƙasar Yarabawa, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya gani a kasuwar shanu zai ba mai karatu mamaki.

Mai shanu zai taso daga arewa da garke, a ƙasa ko a jirgin ƙasa, ya sauka gidan mai gidansa a Sabo, ya danƙa masa dukiyar gaba ɗaya. Dillalan mai gida su kai shanun kara, su sayar wa mahauta Yarabawa, kuma yawanci bashi ne, sai mahauci ya yanka ya sayar sannan ya biya. Ba takardar yarjejeniya, ba banki, ba kotu. Mai shanu bai san mahaucin ba, mai gida kaɗai ya sani. In mahauci ya ƙi biya, a wuyan mai gida abin yake. Saboda haka mai gida da yaransa suke bin diddigin kowane mahauci: nawa ake bin sa, wa ya taɓa yi wa jinkiri, yaya kasuwarsa take a wannan wata. Mahaucin da ya ci bashi ya ƙi biya, masu gida sukan haɗa baki su daina sayar masa har sai ya biya. Mai gidan da ya ci amanar baƙo kuwa, labarinsa yakan riga baƙon isa arewa, baɗi ba wanda zai sauka gidansa. In rigima ta yi tsanani, a kai gaban Sarkin Hausawan Sabo.

In aka lura, abubuwa uku ne suka riƙe wannan tsari. Mai haɗawa ya san ɓangarorin biyu da idonsa. Yana da abin da zai rasa in abu ya lalace. Kuma labari yana komowa gida, mai kyau ko marar kyau. A cire ɗaya daga cikinsu, saura ba za su tsaya ba.

Haka abin yake a Maraɗi. Bafaranshen da ya yi nazarin Alhazan Maraɗi a shekarun 1980, Emmanuel Grégoire, ya tarar cewa ba a auna ɗan kasuwa da kuɗinsa kaɗai, ana auna shi da abin da su da kansu ke kira arzikin mutane, wato yawan barori da wakilai da abokan hulɗar da zai iya aikawa ko ya kira. A Kano ma, lokacin da jirgin ƙasa ya iso a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, kamfanonin Turawa tsofaffin fataken goro suka nema su saya musu, domin su ne ke da mutane a kowace kasuwar ƙauye. Alhasan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji wanda ya fara da fataucin goron Gwanja, ta wannan ƙofa ya shiga, har ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa kafin rasuwarsa a 1955.

Ƴan cirani da ranar da takarda ta gaza

Da Turawa suka zo, sai suka ja layi a tsakiyar ƙasarmu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, daga baya aka gyara ta a 1904 da 1906, aka kafa duwatsun iyaka. Arawan Matankari da Dogondutsi suka zama na Faransa, ƴan'uwansu na wajen Kangiwa suka zama na Ingila. Haraji da aikin tilas suka sa samari suka riƙa fita cirani bayan an gama girbi, wasu Nijeriya, wasu har ƙasar da ake kira Ghana a yau. Jean Rouch ya bi sawun waɗannan ƴan cirani na Nijar a shekarun 1950, ya yi rubutu a kansu, ya kuma ɗauki fim ɗinsa mai suna Jaguar a kan samari uku da suka yi wannan tafiya.

Saurayin da ya isa Kumasi ko Akara ba ya yawo yana neman aiki ƙofa ƙofa. Zango yake nema, a zangon kuma ya nemi sarkin mutanen ƙasarsu, domin kowace ƙabila tana da nata shugaba. Ya faɗi sunan garinsu da na ubansa da na wanda ya aiko shi. A ba shi tabarma, gobe a haɗa shi da wanda zai kai shi dako a kasuwa, ko gonar koko, ko mahaƙar zinariya. In ya yi ciwo a yi jinyarsa, in ya mutu a yi masa sutura a aika gida. In ya yi sata kuma, kafin ya dawo an ji a garinsu.

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutanen da suka yi shekara 20 ko 30 a can suka bar gidaje da rumfuna. A 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi, daga 1984 zuwa 1986 kuma ta rufe iyakokinta ana tsakiyar fari, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban da ya rufe iyakar. A duk waɗannan lokuta, wanda ya samu inda ya ajiye kayansa, ko motar da ta kawo shi gida, ko ɗan jarin da ya sake farawa da shi, ta hannun wanda ya san shi ya samu.

Kada kuma mu yi wa tarihi kwalliya. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa daga masu ɗaukar kayan ayari ba da son ransu suke tafe ba. Bara yakan yi shekaru yana yi wa ubangida hidima ba a sallame shi da komai ba. Wanda ba shi da kowa kuwa, ko ya fi kowa ƙwazo, yakan tsaya a bakin ƙofa. Daga wannan tushe ne kuma cutar da ke damunmu yau ta tsiro, wato a ba mutum abin da bai cancanta ba don yana da uwa a gindin murhu. Sai dai akwai bambanci tsakanin shaida da alfarma. Mai shaida yana faɗin abin da ya sani ne game da kai, kuma ya yarda a kama shi in ƙarya ya yi. Mai alfarma yana cusa ka ne inda bai kamata ba, in ka lalata aiki wasu ne za su sha wahala, shi yana gefe. Fatoman da ya riƙa yin alfarma da dukiyar baƙinsa ba ya kai baɗi.

Abin da waya ta ɗauko da abin da ta bari

Masanan Amurka sun zo daga baya sun auna abin da fatake suka daɗe da sani. A ƙarshen shekarun 1960 Stanley Milgram ya raba wa mutane wasiƙu, ya ce su isar da su ga wani mutum a jihar Massachusetts, da sharaɗin kowa ya miƙa wa wanda ya sani da kansa kawai. Waɗanda suka isa sun bi ta hannun mutum 5 ko 6, shi ya sa ake cewa duniya ƙarama ce. Amma akwai abin da ba a cika faɗi ba: a gwajin da aka fi ambata, cikin wasiƙu 296, guda 64 kaɗai suka isa. Sauran sun mutu a hannun wanda bai ga abin da zai samu ko ya rasa ba.

A 1973 kuma Mark Granovetter ya nuna cewa mutanen da ya bincika a kusa da birnin Boston, waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, yawancinsu ba aminansu ne suka ba su labari ba, waɗanda suke gani jefi-jefi ne. Dalili a fili yake. Amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake shiga nan yake shiga. Wanda ke nesa da kai shi ke da labarin da ba ka da shi. Fatoman Salaga ba ɗan'uwan falken Kano ba ne, kuma amfaninsa ke nan.

A kan wannan tunani aka gina LinkedIn a 2003. Tun farko tsarinsa shi ne ya nuna maka wanda ka sani, da wanda wanda ka sani ya sani, domin ka roƙi na tsakiya ya gabatar da kai. A 2016 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26 da ɗoriya. Wato abin da madugu ke riƙewa a ka, an zuba shi a kwamfuta an yi masa kuɗi. A wurinmu dai WhatsApp da Facebook sun fi yin wannan aiki, kuma ba na musun alherinsu. Na ga ɗalibin da ya samu gurbin karatu domin wani tsohon ɗalibin makarantarsu ya gaya masa ranar rufe karɓar takardu. Na ga malamin ƙauye da ya samu darussan da aka tsara da kyau daga abokin aikin da bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Amma mu auna sabon tsarin da ma'aunin Sabo. Wanda ya tura wa yaro lamba, ya san mai lambar da idonsa? Sau da yawa shi ma turo masa aka yi. Yana da abin da zai rasa? Ko dala ba zai rasa ba, in an tambaye shi ya ce, "Ni ma gani na yi na tura." Labari yana komowa? Wanda aka damfara kunya ke hana shi faɗi, mai damfarar kuwa ya canja layi ya canja hoto, gobe ya fito da sabon suna. Dukan ƙafafun murhun uku sun tafi, an bar tukunya a iska. Shi ya sa muke jin an karɓi kuɗin yaro da sunan rajistar aikin da babu shi, ko kuɗin biza, ko an kira yarinya aikin gida a wata ƙasa ta tarar da abin da ba shi aka gaya mata ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari nawa suka kama hanyar arewa da lambar mutum guda a aljihu? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ayarin da ba shi da madugun da za a tuhuma in ya dawo gida, ƙarshensa ke nan.

Aikin da ya rage mana

Malami shi ne fatoman farko na ɗalibinsa. Mun zauna da yaro shekara uku ko shida, mun san ko yana zuwa a kan lokaci, mun san ko yana mai da abin da ya ara, mun san abin da hannunsa ya iya. Wannan shaida dukiya ce, kuma ɗan talaka ya fi kowa bukatarta, domin ɗan mai hali yana da masu yi masa magana tun daga gida. In muka tsaya wa yaron da ba shi da kowa a kan abin da muka sani na gaskiya game da shi, mun gyara babban aibin tsohon tsari ke nan ba tare da mun zubar da alherinsa ba.

Amma mu yi shi yadda masu gidan Sabo suke yi. Kada in ba da lambar mutum sai na nemi izininsa. In zan gabatar da ɗalibi, in faɗi tsawon lokacin da na san shi, da abin da na gani da idona, in tsaya nan. In ban san shi ba in ce ban san shi ba, ko da uban yaron abokina ne. Saƙon neman ma'aikata da ban san tushensa ba, kada in tura shi cikin rukunin iyaye ko na tsofaffin ɗalibai, domin da zarar ya fito daga wayar malam, iyaye za su ɗauka malam ya tsaya masa.

Mu kuma koya wa yara ladabin wanda aka aika. A darasin rubutun wasiƙa, mu sa su rubuta gajeren saƙo ga mutumin da ba su sani ba: sallama, sunan wanda ya haɗa su, ko su wane ne, abu guda da suke nema, godiya. Su san cewa ba a fara wa babba da "slt" da tsakar dare, kuma ba a roƙon kuɗi a saƙon farko. Su san cewa in an haɗa su da wani, wajibi ne su koma su gaya wa wanda ya haɗa su yadda aka ƙare, ko an dace ko ba a dace ba. Zumunci a ƙafa yake, in ƙafa ba ta kai ba, kira ya kai. Su kuma san cewa sunan da suka shiga da shi aro ne. In suka ɓata shi, sun rufe ƙofa ga ƙannensu da ke tafe.

Ku kuma iyaye, in yaro ya zo ya ce ya samu hanya, kada murna ta hana ku tambaya. Wa ya haɗa ka da shi? Shi wanda ya haɗa ku, ya taɓa ganinsa ido da ido? Ina gidansa, wa ya san iyayensa? In abu ya lalace, ƙofar wa za mu buga? Ku karɓi lambar ku kira da kanku, ku nemi ɗan garinmu da ke zaune a can ya je ya gani. Duk birnin da yaranmu ke zuwa, daga Yamai har Legas da Akara, akwai mutanenmu da suka riga su. In ɗiya mace ce, a ninka binciken, kuma a samu mace babba a can wadda za a ce ga ɗiyarki nan. In aka bi sarƙar aka tarar ba ta ƙare a kan mutumin da ke da gida da suna da abin kunya ba, to babu hanya, ko da an turo hoton ofis da takarda mai hatimi.

Malamanmu na addini ba sa karɓar hadisi sai sun san wa ya ji daga wa, kuma sun bincika halin kowane mutum da ke cikin sarƙar. Fatake ba sa sauke kaya sai a gidan wanda zai biya in an yi asara. Mu jikokinsu bai kamata mu miƙa ƴaƴanmu ga lambar waya ba. Kafin yaro ya ɗaura jaka, a tabbata yana da amsar da zai bayar in an ce masa wa ya aiko ka, kuma a tabbata wanda ya ambata zai amsa in an kira shi.

Allah ya tsare mana zuriya, ya haɗa su da mutanen kirki a duk inda suka sa ƙafa.